Roƙo ne ko umarni? Tarkon da ke cikin kalmomin nema da na jira a Ingilishi

Ɗan ƙanwata ne ya turo min wasiƙa ta WhatsApp wani dare bayan isha'i, ya ce, "Kawu, don Allah ka duba min wannan kafin in tura." Yaron a Damagaram ya tashi, da Faransanci ya yi karatunsa tun daga firamare har jami'a, Ingilishi kuwa da girmansa ya tsince shi. Wata jami'a yake rubuta wa a Ingila yana neman tallafin karatu. Na buɗe. Layi na biyu ya ce: "I demand a scholarship." Na gangara ƙasa, layin ƙarshe ya ce: "I expect your reply soon."

Na san yaron nan. Ko ruwan sha zai karɓa a hannun babba sai ya rusuna. Amma Baturen da zai karanta wasiƙar bai san shi ba, abin da zai gani kawai shi ne wani ya shigo ofis ba sallama, ya bugi tebur ya ce a ba shi haƙƙinsa, kuma kada a ɓata masa lokaci. Abin mamakin shi ne babu kuskuren nahawu ko ɗaya a jimlolin biyu. Da jarrabawa ce, malami ba shi da wurin sa jan biro. Matsalar tana cikin kalmomi biyu ne kawai, demand da expect, kuma duka biyun ƙamus ne ya ba shi su da zuciya ɗaya.

Ta farko ba laifinsa ba ne. A Faransanci "demander" ita ce kalmar yau da kullum ta tambaya da nema, ba ta da wani kaifi. Yaro zai yi wa mahaifinsa demander, talaka zai yi wa sarki. Takardar neman aiki ma "demande" ake ce mata. Kalmar ta tsallaka teku zuwa Ingila da wannan ma'anar, sai ta yi ƙaho a can. Yau idan Bature ya ce demand, yana nufin nema ne na wanda yake ganin abin nasa ne, ba ya kuma jiran a ce masa a'a. Ƙungiyar ƙwadago tana demand a ƙara albashi. Mai bin bashi yana demand kuɗinsa. Masu garkuwa da mutane suna demand kuɗin fansa. Duk Bahaushen da ya bi ta makarantar Faransanci, ko a Nijar ko Kamaru ko Chadi, wannan ramin yana gabansa ranar da ya fara Ingilishi.

Akwai tarihi a bayan wannan. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gari, talakawa kuwa suna ta Ingilishinsu a gona da kasuwa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi a kotuna. Kafin lokacin kalmomin Faransanci da na Latin sun riga sun cika harshen, sun zauna a saman na gida. Shi ya sa abu ɗaya zai sami suna biyu ko uku, ɗaya na tsakar gida, ɗaya na ofis, ɗaya na gaban alƙali. Mu ma mun san irin wannan. Kalmominmu na kotu da zaure, irin su alƙali da shari'a da hukunci da izini da umarni, daga Larabci suka zo, suka zo kuma da rawaninsu.

Ta tsakar gidan ita ce ask. Tun kafin zuwan mutanen Normandi take cikin harshen. Wani abin ban dariya, masu yi wa 'yan Najeriya dariya don sun ce "aks" ba su san cewa a tsohon Ingilishi ana faɗinta duka hanyoyin biyu ba, ascian da acsian. Wato wanda ya ce aks ya fi shekara dubu da samun abokan tafiya. Ban ce ka faɗa a gaban masu ɗaukar aiki ba.

Ask tana ɗauke da kaya biyu waɗanda Hausa ta fi son rarrabawa. Akwai tambaya, wato neman sani: "He asked me my name." Akwai kuma neman abu ko neman a yi wani abu: "He asked me for money", "He asked me to wait." 'Yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita ce take nuna inda ta dosa. Idan ka ce "I asked the manager", shi ka yi wa tambaya. Idan ka ce "I asked for the manager", cewa ka yi a kira maka shi. "I asked about him" bincike ne a kansa. "I asked after him" kuwa ita ce tamu ta gaisuwa, ina wane, yana lafiya, a ce ina gaishe shi. Bahaushe yana yin ask after sau goma kafin azahar, amma da wuya ka ji ya yi amfani da kalmar.

Abin da na fi so ga ask shi ne ba ta nuna wa ke sama wa ke ƙasa. Shugaba zai yi wa masinja, masinja zai yi wa shugaba, ba wanda zai ji an taka shi. Idan kana shakka, ita ce mafaka. Sai dai mu 'yan boko mun raina ta, muna ganin kalma mai harafi uku ba ta kai ta shiga wasiƙar ofis ba, sai mu je mu jajibo mai tsawo.

Mai tsawon da muka fi jajibowa ita ce request. Ma'anarta ɗaya da ask ta neman abu, bambancin shi ne ta sa babbar riga. Nema ce cikin ladabi da tsari, sau da yawa a rubuce, kuma a ƙa'ida wanda aka nema a wurinsa yana iya ƙi. Friend request na Facebook ma ai kana iya share shi. Ba a yin tambayar neman sani da ita, ba a cewa "He requested me where I live." Kuma ga kuskuren da ya zama ruwan dare daga Sakkwato har Kalaba, har a takardun gwamnati da kanun jaridu: "request for". Idan aikatau ce, ba ta ɗaukar for. "I requested a loan" ake cewa. Idan suna ce, to a nan for take shigowa: "my request for a loan." Haka ma demand: "They demanded justice", amma "their demand for justice." Tushen kuskuren a fili yake, kunne ya saba da "ask for", sai ya ɗauki for ɗin ya liƙa wa 'yan uwanta. A Najeriya ba wanda zai ɗaga kai. Mai gyaran takardar IELTS, jarrabawar gwada iya Ingilishi, zai ɗaga.

Amma kada babbar rigar request ta ruɗe ka. Idan ma'aikaciyar jirgin sama ta ce "Passengers are requested to remain seated", ba shawara take ba ka ba. Umarni ne aka shafa masa zuma. Daidai yake da hakimi ya aiko a ce maka, "Ranka ya daɗe yana roƙon ka ɗan leƙo fada da la'asar." Wa ya isa ya ce yau ba shi da hali? Ingilishi ma haka yake, idan roƙo ya sauko daga sama, sunansa ne kawai roƙo.

Require kuma wata aba ce daban, duk da cewa tushenta ɗaya da request a Latin. Ita babu mutum a bayanta, doka ce ko sharaɗi ko yanayin aiki. "Candidates are required to bring their slips." Ba wanda yake roƙonka, ba kuma wanda yake maka tsawa, ƙa'ida ce, in ba ka cika ta ba ka tsaya a bakin ƙofa. Harafi kaɗan ne tsakanin "you are requested" da "you are required", amma na farko an bar maka 'yar ƙofa ko da ta kunya ce, na biyun an rufe an sa kwaɗo.

Inda na fi ganin Hausa da Ingilishi sun saɓa shi ne wajen roƙo. Ƙamus zai ce maka roƙo shi ne beg, ya yi shiru. To amma roƙo a wurinmu gona ce mai faɗi. Muna roƙon Allah, muna roƙon gafara, muna fita roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri, maƙwabciya tana roƙon gishiri ta kan katanga, babban mutum zai ce "ina roƙon alfarma" ba tare da girmansa ya ragu ba. Beg ba ta da wannan faɗin. Ko dai bara ce a bakin titi, ko magiya ta wanda ya kai maƙura, yana kuka yana riƙe ƙafa. "She begged him not to go." Idan ka rubuta wa Bature "I am begging you to consider my application", ba ladabi zai gani ba, zai ga wanda ruwa ya kai wa wuya, sai ya ji nauyi, jin nauyin kuma ba ya jawo alheri a wurinsu. Tsohon salon nan na akawuna, "I humbly beg to apply", da muka gada tun zamanin Turawan mulki, su masu harshen sun daɗe da jingine shi. Mu ne muke ta goge shi muna sawa.

Beg ta ladabi ta rage wa masu harshen ne kawai a wasu 'yan maganganu da suka daskare. "I beg to differ" ba roƙo ba ne, ƙin yarda ne cikin ladabi. "I beg your pardon" kuwa ya danganta da murya. A hankali, "ban ji ba, maimaita" ne. Da ɗaga gira, "me ka ce? Ni kake faɗa wa haka?" ne. Shi kuma "abeg" na Turancin buroka ya kama hanyarsa daban, ya zama "don Allah" kawai, wani lokaci ma "rabu da ni" yake nufi.

To idan ba a begging, ba a demanding, ta yaya Bature yake roƙo? Yawanci ba ya ambaton kalmar roƙon kwata-kwata. Tambaya yake mayar da shi, ya kuma ja shi baya zuwa shuɗaɗɗen lokaci: "Could you send it?", "Would you mind sending it?", "I was wondering if you could send it." Ɗalibai suna ganin wannan kwana-kwana ne, alhali mu ma haka muke yi. "Ko za ka ɗan miƙo min?" "Da za ka taimaka ka duba min." Wannan "ko" da wannan "da" aikinsu ɗaya da could da would, suna ba wa mutum wurin zamewa ba tare da an ji kunya ba. Abin da ba ya tsallakawa shi ne "ina so". A Hausa "ina so ka taimake ni" magana ce mai taushi. "I want you to help me" kuwa maganar uban gida ce ga yaronsa. "I would like" ko "I would be grateful if" su ne suke ɗaukar taushin. Kindly ma da muke yayyafawa ko'ina kamar gishiri, a kunnen mutumin Ingila wani lokaci tana fitowa da ɗaure fuska, irin ta wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Yanzu ga layin ƙarshe na wasiƙar yaron, wanda a ganina ya fi layin demand haɗari, domin shi ba ya kama da kuskure.

A fagen jira Hausa ba matalauciya ba ce. Muna da jira, da dako, da sauraro, da tsammani, da zato, da fata, da sa rai, da ɗoki. Mutanen Sifen da kalma ɗaya, esperar, suke jira da tsammani da fata duka. Saboda haka Bahaushe ba shi da uzurin cewa bambancin wait da expect da hope baƙo ne a wurinsa. Ya san shi, bai dai jera su gefe da gefe ba ne.

Ɗauki manomi a farkon damina. Ya yi sharar gona, ya kai taki, iri yana cikin ƙwarya, ba abin da ya rage sai ruwa ya sauka ya yi shuka. Wannan "he is waiting for rain" ne. Magana ce ta lokaci da jiki, an dakatar da wani abu har sai wani abu ya faru. Da yamma ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta canja, ya ce wa yara su kwashe shanya. Wannan "he expects rain" ne. Lissafi ne na ƙwaƙwalwa, akwai dalili a ƙasansa. Idan kuwa sama wasai take, kwana ashirin ba ɗigo, shuka ta fara lanƙwasa, yana dai cewa Allah ya kawo, to "he hopes for rain" ke nan. Wannan na zuciya ne, ba ya buƙatar hujja. Mutum yana iya jiran abin da ba ya tsammani, kamar mai zaman jiran gawon shanu. Yana iya tsammanin abu ba tare da ya zauna jiransa ba, "I am expecting a call", yana ta harkokinsa da waya a aljihu. Yana kuma iya tsammanin abin da ba ya fata ko kaɗan.

Wannan na ƙarshen shi ne inda masu fassarar labarai suke yawan tuntuɓe. Expect ba ruwanta da daɗi ko rashin daɗi. Likita zai ce "We expect the pain to get worse." Amma "sa rai" a Hausa ta alheri ce, rai ake sawa. Sau nawa ka ji an ce "ana sa ran adadin waɗanda suka mutu zai ƙaru"? Duk lokacin da na ji haka sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wa yake sa rai? Fargaba ake yi, ko a ce akwai yiwuwar adadin ya ƙaru. Mai fassara ya ga expected, hannunsa ya rubuta "sa rai" kafin kunnensa ya farka.

Ginin jimlarsu ma ya bambanta. Wait tana buƙatar for, "I am waiting for you". 'Yar uwarta ta ofis, await, ba ta so, "I await your reply". Mu kuma sai mu juya su, mu ce "waiting your reply" da "awaiting for your reply". Expect tana yarda ka ce "I expect you to come", hope ba ta yarda da "I hope you to come", sai dai "I hope you come" ko "I hope you will come". Ga kuma wish da take laɓe kusa da hope. "I wish you success" daidai ne, addu'a ce. Amma da zarar jimla cikakkiya ta biyo bayanta, ta koma "ina ma" da "da ma", wato abin da ba haka yake ba. "I wish you were here", ina ma kana nan. Wanda ya ce wa ɗalibi "I wish you passed" yana nufin fatan alheri, ya yi masa jaje ne bai sani ba.

Amma babbar maganar ita ce expect fuska uku gare ta. Ta farko ita ce ta hasashe, wadda muka gani wajen manomi. Ta biyu ta baƙon da aka san da zuwansa, "We are expecting guests". Daga nan ne "She is expecting" ta fito, wato tana da juna biyu, don haka a yi hattara da barin kalmar tsirara bayan sunan mace. Ta uku ita ce mai cizo. Idan abin da kake expecting aikin wani mutum ne, kuma shi kake faɗa wa, to ta tashi daga hasashe ta koma wajabtawa. "I expect you to be here at eight." Shugaba ba duba yake yi maka ba, gaya maka yake in takwas ta wuce ba ka nan, ka kuka da kanka. A nan ne dangin jira da dangin nema suka haɗu. Expect tana zaune a layin wait da hope, amma jinin demand ne a jikinta.

Akwai labarin da yake nuna wannan sarai. Ranar 21 ga Oktoba 1805, gab da fara yaƙin Trafalgar a gaɓar tekun Sifen, kwamandan jiragen ruwan Birtaniya, Nelson, ya so ya aika wa mayaƙansa saƙo daga jirginsa mai suna Victory. A lokacin da tutoci ake magana tsakanin jirage, kowace sananniyar kalma tana da lambarta a littafi, wadda ba ta ciki kuwa sai an jera ta harafi bayan harafi. Nelson ya ce a rubuta "England confides that every man will do his duty", wato Ingila ta amince kowa zai sauke nauyin da ke kansa. Jami'in tutocin, John Pasco, ya ce confides ba ta cikin littafin, za ta ci lokaci, a bari ya sa expects wadda take da lamba. Nelson ya yarda. Saƙon da ya tashi shi ne "England expects that every man will do his duty." Dubi abin da canjin kalma ɗaya ya yi. Na farko uba ne yake dafa kafaɗar ɗansa yana cewa na yarda da kai. Na biyu ƙasa ce ta zuba maka ido tana jiran ka biya abin da take bin ka. Nelson bai fita daga wannan yaƙin da rai ba, amma jimlar ta rayu, kuma da fuskar wajabci ta rayu.

Da wannan fuskar ce yaron ya rufe wasiƙarsa. Shi a ransa "ina sauraron amsarku" yake cewa, maganar da ba ta da aibu ko a gaban sarki. Abin da ya isa can shi ne "ina jiran amsa, kada ku makara."

Saura anticipate, wadda samarin yanzu suka mayar tasu. Mawaƙi zai saki hoton sabuwar waƙa a Instagram ya rubuta "Anticipate!" shi kaɗai, 'yan fim ma haka, ma'ana ku yi ɗoki, tana tafe. Wannan amfani namu ne na nan, Bature zai fahimta amma ba haka yake faɗa ba. Asalin kalmar daga Latin ne, ante da capere, wato kama abu tun kafin ya iso. Expect gani ne kawai daga nesa, tushenta ma daga kalmar kallo ne. Anticipate gani ne da tashi tsaye. Ɗan kasuwar da ya hango tsadar masara ya cika rumbu tun da kaka, "he anticipated the price rise". Mai tsaron gida da ya karanci ƙafar ɗan wasa ya faɗa ɓangaren da ƙwallo za ta bi tun ba a buga ba, shi ma anticipating ya yi. Riga-kafi ke nan, ko shan gaba. Ma'aikatan gwamnati a Najeriya sun riƙe wannan tsohuwar ma'anar a cikin "anticipatory approval", amincewar da shugaba yake bayarwa a fara aiki kafin majalisar da ke da hurumi ta zauna.

Tsofaffin malaman nahawu a Ingila sun daɗe suna faɗa da masu amfani da anticipate a madadin expect. Suna da wani misali da suke tsokana da shi: idan aka ce saurayi da budurwa "expected marriage", suna sa ran aure ne, idan kuwa aka ce sun "anticipated marriage", to sun ci amarci tun ba a shafa fatiha ba. Malaman sun sha kaye, yau kamfanoni da gwamnatoci suna rubuta "we anticipate delays" suna nufin expect kawai, ƙamusoshi ma sun karɓa. Ni dai ina tare da tsofaffin a nan, ba don taurin kai ba. Idan kana da kalma ɗaya tak da take nufin ka hango kuma ka shirya, asara ce ka mayar da ita kwafin wata don kawai ta fi tsawo. Amma na san wannan ra'ayin ba zai hana kowa barci ba.

"Thanks in anticipation" da muke rufe wasiƙu da ita ma daga nan take, godiya tun kafin a yi. Mu muna jin ladabi ne. Wasu masu karɓa suna jin an ɗaure su ne, kamar maroƙin da ya fara zuba godiya tun hannun mai kyauta bai kai aljihu ba.

Abin da yaron yake nema tun farko shi ne look forward to. Ita ce take ɗauke da sa rai da ɗan ɗoki ba tare da ta ɗora wa kowa nauyi ba, ita ce kuma masu harshen suke rufe wasiƙa da ita. Ba a yin ta da mugun abu, ba mai looking forward to jana'iza. Tarkonta ɗaya ne. Wannan "to" ɗin ba irin na "to go" da "to come" ba ne, irin na "to Kano" ne, suna ne yake biyo bayansa. Shi ya sa ake cewa "I look forward to your reply" ko "I look forward to hearing from you". "To hear from you" kuskure ne, ko da ka gan shi a wasiƙar babban sakatare. Idan aboki kake rubuta wa, "I can't wait" ta wadatar, kuma ba rashin haƙuri take nufi ba, zumuɗi ne.

Muka zauna da shi a waya kusan awa ɗaya. Layi na biyu ya koma "I would like to apply for a scholarship", domin abin da ake cike wa takarda a yi takara, apply ake yi masa, ba request ba, balle demand. Layin ƙarshe ya koma "I look forward to hearing from you." Ya ɗan yi gardama, ya ce wasiƙar ta yi sanyi da yawa, kamar ba ya son abin sosai. Na ce ya bar takardun sakamakonsa su yi zafin.

Bayan kwana uku ya sake rubuto min. "Kawu, na tura. Yanzu wanne nake yi, wait ko expect ko hope?"

Na tambaye shi gurbi nawa suka ce suna da shi. Ya ce biyu ne, kuma daga ko'ina a duniya ake nema. Na ce to hope yake yi, kuma kada ya zama malamin da ya ƙi noma don zakka, ya buɗe kwamfuta ya fara cike ta wata jami'ar tun daren nan.